Jagora: Yadda Ake Sa Harsashin Tsohon Gini Ya Riƙa Ba da Ɗumi da Sanyi

Idan aka nutsa cikin ƙasa kamar mita 10 zuwa 15, zafin wurin ba ya bin hunturu ko bazara. Yana tsayawa kusan wuri guda duk shekara, daidai da matsakaicin zafin iskar garin. A Ingila da tsakiyar Turai bai wuce digiri 10 zuwa 12 a ma'aunin Salshiyas ba. Lokacin da ƙanƙara ta rufe titi, ƙasan ta fi waje ɗumi, kuma lokacin da rana ta gasa rufin gida, ta fi waje sanyi. A kan wannan aka gina dabarar binne bututun roba a cikin harsashi. Ruwa na zagayawa a bututun, ya ɗebo ɗumin ƙasa da hunturu, ya mayar mata da zafin ɗakuna da bazara. Na'urar da ke tsakani ana kiranta famfon zafi, kuma irin injin da ke cikin firiji ne da na'urar sanyaya ɗaki. Da kilowat ɗaya na lantarki tana iya ba da kilowat uku zuwa biyar na ɗumi, ragowar daga ƙasa take jawowa.

A sabon gini abin ba shi da wuya. Ana ɗaura bututun a jikin rodin turakun harsashi, wato ginshiƙan da ake nutsawa cikin ƙasa su ɗauki nauyin gini, kafin a zuba kankare. A Ostiriya aka fara haka tun shekarun 1980, daga baya aka kai shi har tashoshin jirgin ƙarƙashin ƙasa na Biyana, babban birnin ƙasar. A filin jirgin sama na Zurik da ke Suwizalan, a ginin da aka buɗe a 2003, cikin turaku 440 fiye da 300 na ɗauke da bututu. Amma tsohon gini, wanda harsashinsa ya kafu shekaru aru-aru, maganarsa daban ce, kuma gara a faɗi gaskiya tun daga farko: ba a huda tsohon turken kankare a cusa masa bututu. Wanda ya yi maka alkawarin haka, ka nemi wani. Damar tana zuwa ne a ranar da za a taɓa ƙasar ginin saboda wani dalili, ko harsashin ya nutse ana son tallafa masa, ko za a ƙara bene, ko za a haƙa ɗakin ƙarƙashin ƙasa, ko za a ƙara wani sashe a gefe. Tunda injin haƙa zai shigo, kuɗin haƙan an riga an biya shi, bututu ƙari ne mai araha. Duk jagorar nan a kan wannan fahimta take.

Fara da ginin, ba da ƙasar ba

Mutane da yawa suna zuwa wajen injiniya da tambayar zurfin da za a haƙa, alhali tambayar farko ita ce nawa ginin yake sha. A tattaro takardun kuɗin gas ko mai ko lantarki na aƙalla shekara biyu ko uku, a fitar da abu biyu: jimillar ɗumi da sanyin da ake buƙata a shekara, da kuma buƙatar ranar da ta fi kowace tsanani. Waɗannan lambobi biyu ne za su yi hukunci a kan komai.

Sannan a rage su kafin a yi komai. A toshe kafofin iska, a sauya tagogi, a shimfiɗa abin tare zafi a rufi da bango inda doka ta yarda. Duk kilowat ɗin da aka rage a nan, mitoci ne na haƙa da aka huta. Akwai kuma wani dalili mafi ƙarfi. Tsofaffin gidajen Turai suna ɗumama ne da ƙarafan jikin bango da ake tura musu ruwa mai zafin digiri 70 zuwa 80. Famfon zafi ba ya son haka. Ya fi ƙwazo idan ruwan da yake fitarwa yana tsakanin digiri 35 zuwa 45, kuma duk digirin da aka ƙara masa, lantarki ne ake ƙara ci. Akwai gwaji mai sauƙi da kowane mai gida zai iya yi a hunturun da ya gabaci aikin: a rage zafin tsohuwar tukunyar ɗumama zuwa digiri 45 ko 50 a makon da sanyi ya yi tsanani, a ga ɗakunan da suka riƙe ɗumi da waɗanda mazaunansu suka fara ƙorafi. Ɗakunan ƙorafin su ne za a sauya wa ƙarafa da manya, ko a shimfiɗa musu bututu a daɓe.

San abin da ke ƙarƙashinka

A nan nake so a daɗe, don nan ne ake yin asarar da ba ta gyaruwa.

A ƙarshen 2007, a garin Staufen da ke kudu maso yammacin Jamus, hukumar gari ta sa aka haƙa ramuka bakwai, zurfinsu ya kai kimanin mita 140, domin ɗumama tsohon ginin majalisar garin da aka gyara. Haƙan ya ratsa wani shimfiɗen dutse da ake kira anhaidarait, ya buɗe wa ruwan ƙarƙashin ƙasa hanya zuwa gare shi. Wannan dutse idan ya sha ruwa yakan rikiɗe ya zama jibsam, ya kumbura sosai. Cikin 'yan makonni bango ya fara tsagewa. Tsakiyar garin ta riƙa tashi sama, a wani lokaci kusan santimita ɗaya a kowane wata, gine-gine fiye da 250 suka tsattsage. Garin neman gira aka rasa ido. Turakun harsashi ba su kai wannan zurfin ba, amma darasin ɗaya ne ga duk wanda zai huda ƙasa kusa da tsohon gini.

Saboda haka a nemo tsofaffin zanen ginin idan suna nan, amma kada a amince da su ɗari bisa ɗari. A haƙa ƙananan ramukan leƙe a gindin bango a ga harsashin ido da ido: dutse ne, bulo ne, kankare ne, ko turakun katako ne da suka fara ruɓewa. A yi haƙan gwaji ya zarce zurfin da ake niyya, a fito da samfurin kowane shimfiɗe, a auna inda ruwa ya tsaya da ko yana gudana. A tambayi hukumar ruwa ko wurin yana cikin yankin da aka kare saboda ruwan sha, domin a ƙasashe irin su Suwizalan da Jamus sai da izini ake wannan haƙa. A nemo taswirar bututan gas, wayoyin lantarki, magudanan ruwa da hanyoyin jirgin ƙasa.

Irin ƙasar ita ke faɗin yawan zafin da za a samu. Busasshen yashi malalaci ne wajen ɗaukar zafi, ƙarfinsa bai kai wat ɗaya a kowace mita a kowane digiri ba. Yashin nan idan ya jiƙe sharkaf yakan haura biyu. Laka tana tsakanin ɗaya da biyu, dutsen giranit kuma wajen uku. Ruwan da ke gudana a ƙarƙashi alheri ne babba, don yana kwashe abin da aka zuba ya kawo sabo. Idan aikin babba ne, a yi gwajin amsar ƙasa: a girka bututu a rami ɗaya, a riƙa tura masa zafi daidai gwargwado na kwana biyu zuwa uku ba tsayawa, ana rubuta yadda zafin ruwan ke hawa. Turke mai kauri yana buƙatar kwanaki fiye da haka kafin ya faɗi gaskiya.

Zaɓi inda bututun zai shiga

Hanya mafi dacewa da tsohon gini ita ce ta ƙananan turaku. Injiniyan Italiya Fernando Lizzi ne ya ƙirƙiro su a farkon shekarun 1950 don tallafa wa tsofaffin gine-ginen da suka raunana. Kaurinsu bai wuce santimita 30 ba, kuma injin da ke haƙa su ƙarami ne, yana shiga ta ƙofa ya yi aiki a ɗakin ƙarƙashin ƙasa mai gajeren rufi. Sau da yawa turken bututun ƙarfe ne da ake haɗawa gutsure-gutsure ana nutsa shi, cikinsa kuma fanko ne. Wannan fankon shi ne wurin da ake zura bututun roba mai lanƙwasa a ƙarshensa, wato ya sauka ya dawo sama, sannan a cika da kunun siminti. A birnin Turku na ƙasar Finlan, inda gine-gine da dama ke zaune a kan laka bisa turakun katako, an daɗe ana irin wannan tallafi da turakun ƙarfe, kuma irin wurin ne dabarar ta fi cin riba.

Idan za a haƙa sabon ɗakin ƙarƙashin ƙasa, bangon da zai tokare ƙasa da daɓen kankaren da za a zuba duk za su iya ɗaukar bututu. Idan kuma akwai tsohon wurin ajiye motoci a ƙarƙashin ginin, akwai faranti na musamman da ake mannawa a jikin bangon da ke taɓa ƙasa, ba tare da haƙa komai ba. Kamfanin Enerdrape, wanda ya fito daga jami'ar fasaha ta Lozan a Suwizalan, shi ya yi suna da su. Abin da suke bayarwa bai kai na turke ba, amma ba sa taɓa lafiyar ginin.

Idan babu ko ɗaya daga cikin waɗannan, wato harsashin lafiyarsa ƙalau kuma ba za a ƙara komai ba, to a bar harsashi ya huta. A haƙa ramuka masu zurfin mita 100 zuwa 200 a tsakar gida ko filin ajiye motoci, da tazarar aƙalla mita biyar ko shida a tsakaninsu. A ganina rashin hankali ne a girgiza lafiyayyen gini don kawai a ce ana da harsashi mai ba da ɗumi.

Yi lissafi, kuma kada ka yi wa kanka daɗin baki

Ƙiyasin farko da Farfesa Heinz Brandl na Biyana ya bayar shi ne wat 40 zuwa 60 a kowace mita ga turke mai kaurin santimita 30 zuwa 50, wat 30 a kowace murabba'in mita ga bango, sannan 10 zuwa 30 ga daɓe. Ƙananan turaku sun fi waɗannan siranta, kuma a aikin tallafi ana jera su kusa da juna, wani lokaci tazarar mita ɗaya ko biyu, sai su riƙa cin rabon juna. Dole a rage musu zato.

Ga misali na lissafi kawai. A ce aikin tallafi zai ci turaku 60, kowanne mita 15. A cire mita ukun sama, domin suna kusa da ginin, zafin da za su ɗebo na ɗakin ƙasa ne. Saura mita 12 sau 60, wato mita 720. A wat 30 kowace mita, an samu kilowat 21.6 daga ƙasa. Idan famfon yana ba da huɗu a kan kowane ɗaya na lantarki, kashi uku daga ƙasa suke, don haka ɗumin da zai shiga ɗakuna ya kusa kilowat 29. Idan ginin yana neman kilowat 80 a ranar da ta fi sanyi, turakun sun ɗauki ɗan abin da ya haura sulusi ne kawai. Kada wannan ya karya gwiwa. Ranakun tsananin sanyi kaɗan ne a shekara, don haka wannan sulusin zai ɗauki kaso mai tsoka na ɗumin shekara. Ragowar a cike shi da 'yan ramuka masu zurfi, ko famfon zafi mai jan iska, ko tsohuwar tukunyar a bar ta don ranar baƙin ciki.

Sai batun da aka fi mantawa da shi. Ƙasa rumbu ce: abin da ka ɗiba da hunturu sai ka mayar da bazara, in ba haka ba wata shekara ka tarar da shi wayam. Ginin da ke ɗiban ɗumi kawai, ƙasarsa za ta yi ta sanyi shekara bayan shekara har famfon ya gaza. Wanda ke zuba zafi kawai, tasa za ta yi ta ɗumama. Mazauna Landan sun san wannan a jikinsu. Lakar da ke kewaye da zurfafan hanyoyin jirgin ƙarƙashin ƙasa tana kan digiri 14 ne lokacin da aka haƙa su, amma bayan fiye da ƙarni guda tana shan zafin jirage da birki, yanzu ta haura 19, a wasu wurare har 26. Don haka injiniya ya kwaikwayi aikin a kwamfuta na shekara 20 zuwa 50, ba na hunturu ɗaya ba. Inda awon bai daidaita ba, a nemo abin cikewa, kamar zuba zafin rana a ƙasa da bazara.

Aikin turke na farko ɗaukar nauyi ne

Kankare da ƙarfe suna miƙewa idan sun ji zafi, su tsuke idan sun ji sanyi. Turke mai tsawon mita 20, idan zafinsa ya ƙaru da digiri 20 kuma babu abin da ya riƙe shi, zai ƙara tsawon milimita huɗu. Amma ƙasa ta riƙe shi ta gefe, gini ya danne shi ta sama, sai abin da bai samu ya miƙe ba ya koma matsi a cikinsa. An auna wannan a gwaje-gwajen da aka yi a Lozan da kuma Kwalejin Lambeth ta Landan, kuma an ga abu ne da ake iya lissafawa a yi masa tanadi. Sai dai tsohon bangon bulo ba shi da haƙurin sabon kankare. Abin da ke tsaga shi ba motsin ba ne, bambancin motsin ne, wato wani gefe ya ɗaga wani ya tsaya. Saboda haka a rarraba turakun masu bututu daidai a kewayen ginin, kada a tara su a kusurwa ɗaya.

Doka ɗaya ba ta da sassauci: kada ƙasar da ke jikin turke ta daskare. Ruwan da ke zagayawa ya tsaya sama da sifiri, kuma masu aikin sukan bar tazarar digiri biyu ko fiye don tsaro. Ƙasa mai laushi idan ta daskare takan kumbura, in ta narke ta saki turken. Ana zuba sinadarin gilaikol, mai hana daskarewa, a ruwan don kare injin, amma hakan ba izini ba ne na sauka ƙasa da sifiri. A sa wannan iyaka a cikin na'urar sarrafawa, ta yadda famfon zai kashe kansa ba sai an jira mutum ba. Ta ɓangaren zafi ma a sa iyaka, wajen digiri 30 zuwa 35 gwargwadon abin da injiniyan ƙasa ya yarda da shi. A Ingila ƙungiyar masu wannan sana'a ta fitar da ƙa'idar turakun zafi a 2012, Suwizalan kuma tana da tata tun 2005. Injiniyan gini, injiniyan ƙasa da mai tsara ɗumama su zauna a teburi guda tun kafin a zana turke na farko. Tun ran gini ran zane.

A filin aiki

Kafin injin ya shigo, a ɗauki hoton kowace tsaga da ke jikin ginin da na maƙwabta, a manna mata ma'auni, a kafa alamomin auna nutsewa. Wannan zai raba gardama daga baya.

Bututun na roba mai ƙarfi ne, baƙi, faɗinsa milimita 20 zuwa 32, kuma ya zo da lanƙwasar ƙarshensa haɗe daga masana'anta. Kada a yarda da haɗi a cikin turke. A gwada shi da matsi kafin a zura, a cika shi da ruwa, a toshe bakunansa biyu, a bar shi cikin matsi yayin da ake tura kunun siminti, don kada nauyin kunun ya murƙushe shi ko ya taso da shi sama. Kunun a tura shi daga ƙasa zuwa sama ta siririn bututu har ya tumbatso, domin duk kogon iskar da ya rage a ciki katanga ce tsakanin ruwa da ƙasa. Akwai kunu na musamman mai saurin ɗaukar zafi, amma sai injiniyan gini ya tabbatar ƙarfinsa ya isa.

Mafi yawan ɓarna ba a cikin rami take faruwa ba, a bakinsa ne. Ranar da ake sassaƙe kan turke don haɗa shi da tsohon harsashi, lebura da injin fasa kankare a hannu, ƙura ta cika ɗaki, ga wasu baƙaƙen jelar roba biyu sun leƙo daga siminti, babu wanda ya gaya masa ko menene su. Sara ɗaya ya isa. A sa musu rigar ƙarfe ko ta roba mai kauri, a shafa musu jan fenti, kuma shugaban leburori ya tara yaransa ya nuna musu da hannu. A sake gwajin matsi bayan kunun ya daskare, a sake bayan an sassaƙe kai, a sake kafin a zuba daɓe. Turken da ya faɗi gwaji a rubuta lambarsa a cire shi daga lissafi, shi ya sa ake sa wa 'yan turaku bututu fiye da buƙata.

Daga nan a haɗa turakun rukuni-rukuni zuwa mararraba guda, kowane rukuni da makunninsa, don in ɗaya ya yoyo a rufe shi ba tare da an kashe sauran ba. Haɗin roba a yi shi da waldar lantarki. A wanke layin, a fitar da iska tas, a daidaita gudun ruwa a kowane reshe.

Sanyaya ɗakuna kusan kyauta

A ƙasashe masu sanyi, da bazara ba sai an kunna famfon zafin ba. Ruwan da ya fito daga ƙasa yana da sanyin da zai ratsa farantin musayar zafi ya sanyaya daɓe ko silin kai tsaye, ƙaramin famfon zagaya ruwa kawai ke cin wuta. Abin lura shi ne gumi: idan daɓen ya yi sanyi fiye da kima, laimar iska za ta kwanta a kansa. A riƙe ruwan wajen digiri 16 zuwa 18, a sa na'urar da ke auna laima ta rage gudu idan an kusa iyaka.

Mai karatu a Kano ko Zinder kada ya ɗauki wannan sashen kamar da shi ake. Zafin ƙasarmu yana bin matsakaicin iskarmu ne, wato sama da digiri 25 nesa ba kusa ba da na Turai, don haka ruwanta ba zai sanyaya ɗaki shi kaɗai ba. Na'urar sanyaya da ke zuba zafinta a ƙasa mai digiri 27 ko 28 ta fi wadda ke fama da iskar Afrilu mai digiri 40 sauƙin aiki, wannan gaskiya ne. Amma mu zubawa kawai muke yi, ba ma ɗiba, sai ƙasar ta cika da wuri, kuma yawancin gidajenmu harsashinsu bai yi zurfin da zai yi amfani ba. Otal ko asibiti mai cin ruwan zafi da yawa ne zai iya daidaita awon, shi ma sai da gwajin ƙasa.

Bayan an kunna

A sa mitar zafi a ɓangaren ƙasa da ɓangaren ɗakuna, da mitar lantarki ta famfon shi kaɗai. A riƙa rubuta zafin ruwan da ke shiga ƙasa da wanda ke fitowa, musamman mafi ƙanƙantarsa a ƙarshen hunturu da mafi girmansa a ƙarshen bazara. Idan mafi ƙanƙantar yana sauka kowace shekara, ana ɗiba fiye da yadda ake mayarwa, sai a rage wa turakun kaya ko a ƙara sanyaya ɗakuna da bazara. Alamomin nutsewa a ci gaba da auna su aƙalla shekara biyu, a kwatanta da jadawalin zafin. A duba ƙarfin gilaikol da matsin layi sau ɗaya a shekara. Zanen da ke nuna hanyar kowane bututu a ƙarƙashin daɓe kuwa, a ba mai gini kwafi, a ba mai kula da gini kwafi, a manna na uku a bangon ɗakin injin, don mai gyaran da zai zo da injin huda ya gan shi kafin ya taɓa daɓen.